Ƙafar Malam ta Hagu

Mijina Badamagare ne, kuma duk wanda ya taɓa zama da mutanen Damagaram ya san abin da nake nufi in na ce ya kafe. Ni ƴar Maradi ce, mu kuma bakinmu ba ya shiru. Haka muka yi zamanmu, shi ya kafe, ni in yi ta faɗa, har Allah ya kai mu Lyon. Malam nake ce masa, don koyarwa yake yi lokacin da na san shi, kafin ya samu bursu, wato tallafin karatu, ya zo ya yi karatun injiniya. Da ya gama ya samu aiki a wani laboratuwar, ɗakin gwaje-gwaje, a Villeurbanne, ni kuma na samu a ofishin wata makarantar yara. Muna zaune a Minguettes, can saman wani dogon bene da asansar ɗinsa, na’urar hawa sama, ke lalacewa duk ranar da na yi cefane mai nauyi.

Ciwon sukari ya daɗe a jikinsa, mun saba da shi. Abin da ya tayar mini da hankali shi ne ranar da na raka shi randebu wurin lokotoronsa, likitan da ke duba shi. Mutumin ya ce ya tuɓe takalmi ya kwanta ya rufe ido, ya ɗauko wani ɗan zare mai tauri, ya ce duk inda ya ji an taɓa ya yi magana. A ƙafar dama Malam ya amsa nan, ya rasa can. Da aka zo ta hagu, ina kallo zaren yana lanƙwashewa a tafin ƙafarsa, shi kuwa yana kwance yana jira a fara. Har cewa ya yi, “To, bismilla mana.”

Lokotoron ya juyo wurina, ba wurinsa ba. Ya ce abu biyu yake so. Na farko, mijina ya riƙa tafiya da ƙafa don jini ya zagaya. Na biyu, kada ya kuskura ya taka ƙasa babu takalmi, ko a cikin ɗaki ne, don ƙafar nan ko ƙusa ta shige ta ba zai ji ba, kuma ciwo in ya samu irin wannan ƙafa ba ya son warkewa. Ya ce in riƙa duba masa ƙafafun kullum da yamma. Ya faɗi kalmar yankewa sau ɗaya, a hankali, ya wuce. Ni kuwa ita kaɗai na fito da ita daga ɗakin.

Na sayo masa takalma masu faɗi, masu taushin ciki. Ya ce kwale-kwale na sayo masa. Duban ƙafar ma da rigima muke yi. Zan durƙusa ina buɗa tsakanin yatsunsa, yana cewa, “Ke wai ragon layya kika samu ne kike dudduba shi haka?” Amma wannan duk da sauƙi. Tafiyar ce ta gagara. Akwai babban filin shaƙatawa kusa da mu, mai itatuwa da hanyoyi, nasara, Turawan nan, na ta zagaya shi safe da yamma. Malam ya ce shi bai ga dalili ba.

“Babba kamata in fita ina zagaye, ba kasuwa za ni ba, ba gaisuwa ba, ba jana’iza ba? A gida in aka gan ni haka ai sai a fara yi mini rubutu ina sha.”

“Nan ba gida ba ne, Malam.”

“Ƙafafun ai na gida ne.”

In na matsa ya fita, sai in tarar da shi a kan benci na farko da jarida a hannu. Wallahi akwai ranar da na ji kamar in fizge jaridar nan in yayyaga.

Yayana yana zaune a Paris, a Château Rouge, shi da matarsa, a wani ɗan gida bisa shagon mai sayar da atamfa. Duk hutun makaranta mukan hau jirgin ƙasa mu je mu yi kwanaki, in sayi daddawa da busasshiyar kuɓewa da abin da ba na samu a Lyon. A wani hutun bazara muna cin tuwo sai Yaya ya kawo labarin wani daji gabas da Paris, inda aka gwabza a yaƙin duniya na farko. Ya ce abokan aikinsa ne suka kai shi. An mai da wurin na yawo, an fitar da hanyoyi cikin dajin, an shafa fenti a jikin itatuwa don kada mutum ya ɓata, ga alluna ko’ina suna bayanin abin da ya faru. Sai na ga Malam ya ajiye loma yana tambaya. Mutumin nan in dai tarihi ne, ko abinci sai ya manta. Na ce a raina, ga tafiya mai dalili ta samu.

Na tashi da sassafe na dafa ƙwai, na zuba shayi ba sukari a tarmus, na ƙunsa kilishi. Matar Yaya ta ce ita ba ta da abin da ta ajiye a daji. Muka shiga motar Yaya mu uku. An kwana ana ruwa, amma gari ya waye da rana.

Ban taɓa ganin ƙasa irin ta wurin ba. Babu inda yake a shimfiɗe. Rami bayan rami, tudu bayan tudu, duk ciyawa ta rufe, itatuwa sun fito a ciki da gefe. Yaya ya ce kowane rami wurin faɗuwar bom ne. Akwai dogayen ramuka masu lanƙwasa da sojoji suka zauna a ciki, sun rufta sun zama kamar tsohuwar kwata. Cikin wannan duka mutane na ta harkarsu. Masu gudu da ƙananan wanduna, masu kekuna, tsofaffi da sanduna bibbiyu, masu karnuka. An kafa tebura, wasu iyali sun baje burodi da cuku suna dariya.

Muka ɗauki hanyar da aka yi wa alama da fenti rawaya, wadda ke zagayawa ta dawo wurin ajiye motoci. Malam ya yi tafiyar da ban taɓa gani ba. Yana gaba, muna binsa. Duk allon da ya gani sai ya tsaya ya karanta da ƙarfi, sannan ya juya mana shi da Hausa, kamar ni da Yaya ba mu je lakwal mun yi boko ba. Ya yi gumi, fuskarsa ta washe. Na ji daɗi ranar, daɗi na gaske. Har na fara tunanin yadda zan nemo masa irin wannan wuri kusa da Lyon.

Mun yi nisa sosai sai muka tarar da wani tsohon Bafaranshe zaune a kan kututture yana hutawa, da ƴar jakarsa a baya. Ya gaishe mu, ya tambayi daga ina muke. Da ya ji Nijar sai ya gyara zama. Ya ce ai mutanenku sun yi yaƙi a nan, baƙaƙe daga can wajenku, da yawansu Musulmi. Malam ya ce ya sani, ya karanta, ya tambayi ina maƙabartarsu take don mu biya mu yi addu’a. Tsohon ya ce tana can bakin titi, da fararen duwatsu a jere, amma waɗanda aka samu ke nan. Waɗanda ba a samu ba suna nan. Malam ya ce nan ina? Tsohon ya buga sandarsa a ƙasa, ya zagaya da ita, ya ce ko’ina, har ƙarƙashin hanyar da muke tsaye. Ya ce har yanzu in ruwa ya yi zaizaya ko masu yankan itace sun tumɓuke saiwa, ƙasusuwa na fitowa. Ya faɗa ne kamar mai ba da labarin yanayi, ya yi mana sallama ya wuce.

Wani kare ya zo a guje ya ɗaga ƙafa a bakin wani rami, uwargijiyarsa na kiransa daga nesa. Malam ya bi shi da kallo. Sai ya zauna a kan kututturen da tsohon ya tashi, ya sunkuya ya fara kwance igiyar takalmi.

“Malam, me kake yi?”

“Maƙabarta ce.”

“Daji ne! Ga mutane can na cin burodi!”

“Su ta shafa. Kin ji abin da ya ce.”

Ni mace ce, ban taɓa shiga maƙabarta a gida ba, amma na san maza a bakin ƙofa suke barin takalmansu. Na san abin da yake ji, ba wai ban sani ba. Amma ni na ga zaren nan yana lanƙwashewa a tafin ƙafarsa, shi idonsa a rufe yake. Na tuna masa maganar lokotoro. Ya ce mahaifinsa bai taɓa taka kabari da takalmi ba, ko na wane ne, kuma shi tun safe yake tattaka bayin Allah da kwale-kwale, ya isa haka. Na ce to mu koma. Ya ce baya da gaba ai ƙasa ɗaya ce, kuma gaskiyarsa, muna tsakiyar zagayen ne.

Ban taɓa ɗaga masa murya a gaban yayana ba sai ranar. Na ce, “Ciwon sukari gare ka! Ƙafarka a mace take, ka ji ko ba ka ji ba? Dubi ƙasar nan, duk ƙarfe ne!” Ya yi kunnen uwar shegu da ni. Ya ɗaure igiyoyin takalman wuri ɗaya, ya rataya a wuya.

Na juya wurin Yaya, na ce ya yi masa magana, shi babba ne zai ji tasa. Yaya ya dubi Malam, ya dubi ƙafafunsa, ya sosa ƙeya. Sai kawai na ga ya jingina da itace yana cire nasa. Wai kunya yake ji ya tsaya da takalmi surukinsa na tsaye babu. Innalillahi! Na kira mai raba faɗa ya zo ya shiga. Abin da na samu da ƙyar shi ne Malam ya bar safa a ƙafarsa. Ni ban tuɓe ba, kuma babu wanda ya isa ya ce in tuɓe.

Haka muka ƙarasa zagayen. Na wuce gaba, idona a ƙasa, duk abin da na gani in sa ƙafa in ture. Ga gutsattsarin waya mai ƙaya da ta yi tsatsa, ga ɓaraguzan ƙarfe da ruwan jiya ya tono, sun saje da launin ƙasa. Wanne zan ture, wanne zan bari? Su biyun na bayana, Malam na karanta ƙulhuwallahu ƙasa-ƙasa, Yaya na ɗingishi yana cewa wash duk inda tsakuwa ta soke shi. Malam bai ce wash ba ko sau ɗaya, shi ya fi tsorata ni. Wata mata mai gudu ta rage sauri ta tambaye su ko sabon salon motsa jiki ne, ta ce ta ji yana da amfani ga lafiya. Ta yi dariya ta wuce. Da na buɗe baki a lokacin, da ta ji abin da ba ta taɓa ji ba.

Muna isa wurin mota Malam ya zura takalmansa da sauri. Na ce ya bari in duba. Ya ce, “Haba, a gaban mutane?” Muka biya maƙabartar bakin titi suka yi addu’a, ina zaune cikin mota. Har muka shiga Paris ƙwai da kilishin ma babu wanda ya taɓa.

A bakin ƙofar gidan Yaya, Malam ya cire takalmi ya wuce falo. Matar Yaya ta fito daga kicin tana mana sannu da zuwa, sai ta tsaya tana kallon ƙasa. Ta ce, “Wa ya tako tumatir?” Sawu ne, na ƙafa ɗaya, tun daga ƙofa har kujera. Na durƙusa na ja safar hagu, ta jiƙe sharkaf. A ƙarƙashin babban yatsa wani baƙin ƙarfe ya nutse, kansa kaɗai ake gani. Malam ya leƙo yana kallo kamar ƙafar wani ce.

“Wallahi ban ji komai ba.”

“Ai shi ne! Shi ne abin da nake gaya maka tun a dajin!”

Yaya ya kai mu gidan likita. Suka cire ƙarfen, suka wanke, suka yi masa allura, suka ɗaure, suka ba shi magani, suka ce muna komawa Lyon ya ga lokotoronsa. Ramin ɗan ƙarami ne, kan ashana ma ya fi shi. A jirgin komawa har tsokanata yake yi, wai na tara masa jama’a a kan ƙaya.

Ciwon bai rufe ba. Anfirmiya, ma’aikaciyar jinya, ta riƙa zuwa gida kowace safiya tana canza pansama, wato bandejin ciwon, kullum in tsaya a kanta ina karantar fuskarta. Da farko tana cewa ça va, wato da sauƙi. Daga baya ta daina cewa. Gefen ciwon ya yi ja, ya kumbura, sannan wani wari ya fara fitowa, wanda turaren wuta bai iya rufewa ba. Aka kwantar da shi, aka sallame shi, aka sake kwantar da shi. Bazara ta wuce muna hanyar gidan likita, na haddace kowace tasha ta tram, jirgin cikin gari. Babban yatsan ya yi baƙi aka cire, na kusa da shi ya bi.

Ƴan Nijar na Lyon sun yi zumunci, ba zan ci haƙƙinsu ba. Duk Lahadi falonmu cike yake. Amma labarin ya riga ya zagaya, kuma yadda ya zagaya ne ya riƙa ƙona mini rai. Kowa ya zauna sai ya ce, “Kai, Malam, ka yi abin da ya gagari maza. Allah ya ba ka lada.” Ɗalibai na kallonsa kamar waliyyi. Wani dattijo mai ilimi ne kaɗai ya ce a hankali, ai in akwai cutarwa babu laifi mutum ya bar takalminsa. Na ce a raina, ina kake ranar? Ina zuba musu shayi cike da haushi. Su za su sha su tafi, ni zan kwashe ƙazamin bandeji.

Wata rana bayan sun watse na kasa riƙewa. Na ce, “Su waɗanda ka tuɓe wa takalmin, sun san ka yi?”

Ya ce, “Ni na sani.”

“Da za a koma, za ka sake?”

Ya daɗe yana kallon ƙafar a kan matashi. Can ya ce, “Ina tsoro, ke.” Tun da na san shi ban taɓa jin wannan kalma a bakinsa ba. Na zauna kusa da shi na yi kuka, haushin kuma yana nan bai tafi ko’ina ba.

Da sanyi ya shigo, mai fiɗa ya kira mu ofishinsa. Ya ce ciwon ya kai ƙashi, yana hawa, in ba a tare shi ba jikin gaba ɗaya zai ɗauka. Ƙasa da gwiwa za a yanke. Malam ya ce a ba shi lokaci ya yi shawara, mutumin ya ce babu lokacin. Aka yi aikin da safe. Na zauna a baranda da carbi a hannu, ban san ko na ja shi ba.

Da ya farfaɗo bakinsa a bushe, idonsa bai gama buɗewa ba, abin da ya fara cewa shi ne, “Ina take?” Na ɗauka zafin magani ne. Ya ce a’a, ƙafar yake nufi. A gida in an yanke wa mutum gaɓa, ana naɗe ta a farin ƙyalle a haƙa rami a binne, don jikin ɗan Adam ne. Ya ce in karɓo ta, in kira Yaya da mutum biyu su nemi wuri. Wannan ko kusa bai zo mini a rai ba, duk watannin nan ina ta yadda za a ceci ƙafar ne.

Washegari na biya Guillotière, unguwar da shagunan Larabawa da namu suke, na yanko farin yadi na sa a jaka. Na tambayi anfirmiyar ɗakin, ta tura ni wurin shugabarsu, ita kuma ta tura ni wani ofishi a ƙasa. Matar da na tarar can mutuniyar kirki ce. Ta ba ni kujera, ta saurare ni har na gama. Sannan ta ce ta yi haƙuri, a nan ba a ba mutum. Duk abin da aka yanke ana rufe shi a akwati tare da na sauran marasa lafiya, a kai a ƙona, haka tsarin yake. Kuma motar ta riga ta ɗauka. Na ce ƙonawa? Da wuta? Ta ce eh, madam. Na fito na tsaya a bakin matakala da yadina a jaka, na rasa inda zan nufa.

Na kira Yaya. Ya yi salati, sannan ya ce in ce masa an binne, Allah ba zai kama ni ba. Na ce Yaya, ka taimake ni sau ɗaya a dajin nan, ya isa. Na kashe waya. Ni da Malam mun yi faɗa iri-iri, amma ban taɓa yi masa ƙarya ba, kuma ya san fuskata.

Na shiga na zauna a bakin gadon na gaya masa yadda matar ta gaya mini. Ya juya fuskarsa bango, ina kallon kafaɗarsa. Muka zauna haka har hasken taga ya fara ja.

Can ya tambaya ko la’asar ta yi. Na ce ta yi. Na ce ya yi taimama mana, ya ce a’a, ruwa yake so. Na ɗaga masa kan gadon, na kawo roba da ƴar butar da na zo da ita daga gida. Ina zuba masa yana yi, hannu, baki, hanci, fuska, har shafar kai, a natse kamar kullum. Na janye bargo na tara robar, ya sunkuya da ƙyar ya wanke ƙafar dama har idon sawu, yana tsefe tsakanin yatsu. Sai ya sake tara hannu. Ni ma ban yi tunani ba, na zuba. Ya kai hannun wajen ƙafar hagu, inda zanin gado kawai yake a shimfiɗe, ruwan ya zube ta tsakanin yatsunsa ya jiƙa zanin. Ya bar hannun a wurin.

Ya ɗago ya dube ni. Ya ce, “Na gama ke nan?”

Na ce, “Ka gama, Malam.”